Tsohon Gini da Sabon Kufai: Daga Agadas zuwa Anu Araren da Arlit

Fiye da shekara 40 ke nan akasarin wutar lantarkin da ke haska lungunan tsohon birnin Agadas daga wani wuri take fitowa da mu mutanen kudu ba mu cika jin sunansa ba, wato Anu Araren. A can ake haƙo gawayin ƙasa, a can ake ƙona shi, daga can kuma turakun wuta suka rabu gida biyu: wasu suka gangaro kudu zuwa Agadas, wasu suka miƙe arewa zuwa Arlit da Akokan, garuruwan yuraniyom. Wanda ya bi turakun nan daga wannan baki zuwa wancan, tafiyar kilomita 240 ko sama da haka kaɗan, zai tashi daga garin da ya haura shekara 500 ya sauka a garin da bai cika 60 ba. Na bi su ne don in ga yadda mutanen kowane gari suke riƙe da gine-ginensu, in kuma ji amsar da suke bayarwa idan aka ce musu wa ya gina nan.

Bakano ba ya shiga Agadas a baƙo ɗungurungum. A Kano muna da unguwar Agadasawa, kakanninmu kuma sun san kantun gishirin Balma da raƙuman Abzin tun ba a san mota ba. Hausa ce harshen kasuwa da na zaure a garin, ko da yake kunnen Bakano zai ji ta ɗan sha bamban, ta ɗebo kalmomin Tamashek da na Faransanci. Gobirawa har gobe suna cewa daga Abzin suka gangaro. Nan ne kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya biyo malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, yana matashi mai neman ilimi. Tarihin garin nan namu ne mu ma.

Sarautar Abzin ta kafu a farkon ƙarni na 15, wajen tsakiyar ƙarnin kuma sarakunan suka zauna a Agadas. Tsohon garin unguwa 11 ne, irin su Katanga da Amdit da Obitara da Amarewat. Lungunansa karkatattu ne, su buɗe nan su tsuke can, domin sun bi iyakokin zangon da kowace ƙabila ta kafa tantunanta kafin a aza tubalin farko. A 2013 hukumar UNESCO ta sa wannan yanki cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Amma ba takardar UNESCO ce ta koya wa Agadasawa son garinsu ba. Da wuya ka ratsa unguwa ba ka gamu da wanda zai tsai da kai a ƙofar wani zaure ya ba ka labarin masu shi ba.

Ko ta ina ka shigo, hasumiyar babban masallaci ce take fara yi maka maraba. Tsawonta mita 27, ƙasa ce zalla, faffaɗa a gindi tana tsukewa har sama, kuma ba a san wata hasumiyar ƙasa da ta kai ta tsawo ba. An fara gina ta wajen 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songhai ya ci garin, mutanen gari kuwa suna danganta aikin da wani waliyyi mai suna Zakariya. An sake gina ta a 1844. Ta ciki ake hawa. Matakalar matsattsiya ce, sai mutum ya sunkuya, kafaɗunsa na gogar bango hagu da dama, ƙafarsa na laluben matakin da sawaye suka cinye tsakiyarsa. Duhu ne, sai ɗan hasken da ke kutsowa ta ƙananan tagogi, ga warin jemage. Kana fitowa sama iska za ta buge ka, ka ga gari duka a shimfiɗe, launinsa ɗaya da ƙasar da yake kai: rufin soraye da indararo, tsakar gidaje da shanya, fadar Sarkin Abzin dab da masallaci, duwatsun Abzin kuma can arewa sun yi shuɗi-shuɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne itatuwan nan da suka fito jere-jere daga jikin hasumiyar. Baƙo zai ɗauka ado ne. Su ne suke ɗaure ginin, su ne kuma tsanin magina idan lokacin yaɓe ya zo. Wanda ya gina ta ya san ruwa da iska ba za su bar ta ba, ya san bayansa wasu za su hau su gyara, sai ya ajiye musu wurin taka ƙafa a jikinta.

A wani lungu bayan masallaci na tarar da dattijon magini da yaransa suna yaɓen katanga. Tun kwanaki aka kwaɓa ƙasar da ciyawa da kashin dabbobi, aka bar ta ta nuna har ta yi danƙo. Yaro ya cura ya cilla sama, na kan tsani ya cafe, dattijo ya maka a bango ya shafe da tafin hannu, sawun yatsunsa na fitowa a jere.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa ɗana, sannu da zuwa. Daga ina?"

Na ce daga Kano. Ya ce ashe ɗan gida ne. Da na tambaye shi shekarun gidan, bai ba ni lissafi ba. Sai ya shiga jero mini waɗanda suka zauna cikinsa, daga mai gidan na yanzu zuwa ubansa zuwa kakansa, ya nuna ɗakin da aka ƙara don wani aure, da ƙofar da aka toshe bayan rabon gado. Na ce me ya hana a shafa siminti a huta da yaɓe.

"Siminti a kan ƙasa rufe gyambo ne, ɗana, ba magani ba," in ji shi. "Ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita. Ranar da zai ɓalle, da rabin bangon zai tafi."

Agadas ta sha kusantar zama kufai. A 1850, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauka a garin, ya ƙiyasta mutanensa ba su wuce 7,000 ba, kangaye kuma ko'ina. Har yau ana nuna gidan da ya sauka. A Disambar 1916 Kawsan, wani jagoran mayaƙan Abzinawa, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya yi wa barikin Faransawa ƙawanya har zuwa Maris na 1917. Da Faransawa suka dawo da ƙarfi sai suka karkashe malamai da dama, mutane suka watse, Tagama kuma ya rasu a kurkuku a Damagaram a 1920. Babban soron da ake kira fadar Kawsan yana nan kusa da masallaci, daga baya an mai da shi masaukin baƙi. Duk sanda garin ya faɗi, abu guda ne ya tashe shi: masu gidaje sun dawo, sun kwaɓa ƙasa, sun ɗora a kan harsashin iyayensu.

Yau ruwa ne babban abin tsoro. A Satumbar 2009 koramar Telwa ta ɓalle ta cinye dubban gidaje, daminar 2024 ma ta yi wa tsohon gari ɓarna. A daminar ce tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe, shekara guda bayan wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta kan masallata. Ga kuma gidan gado da magada suka yi yawa, kowa na jiran wani ya gyara. Duk da haka, a fadar samari wajen shan shayi na ji ana gardama mai zafi kan wace unguwa ce ta riga wata, da wane masallaci ne ya fi tsufa. Garin da samarinsa ke irin wannan gardama yana da sauran masu gyara shi.

Daga Agadas muka kama hanyar yuraniyom, wadda ta taso daga Tawa ta ƙare a Arlit, kimanin kilomita 650, aka gama ta wajen 1980 don manyan motocin ma'adinai. Kwaltar ta mutu a wurare da yawa, direba yakan sauka ya bi ta gefe cikin rairayi, ga shingayen jami'an tsaro nan da can. Hannun dama duwatsun Abzin, hannun hagu fili fetal iya ganinka. Bayan tafiyar kilomita 70 ko kusa da haka, aka ratse zuwa Cirozerin, garin da ke dab da mahaƙar gawayin, tun daga nesa kuwa hayaƙin tashar wuta yake nuna maka inda Anu Araren yake.

Masu neman yuraniyom ne suka ci karo da gawayin wurin a shekarun 1960. Da man fetur ya yi tsada a duniya, jigilarsa daga bakin teku har cikin sahara kuma ta zama nauyi, sai aka kafa kamfanin SONICHAR a 1975. An fara haƙa a 1980, injin farko ya tashi a 1981, na biyu a 1982, kowanne na ba da megawat 18.8. Ramin buɗaɗɗe ne: a kwashe ƙasar sama a kai ga baƙin dutsen, manyan motoci su ɗebo zuwa tasha, a ƙona shi a tafasa ruwa, tururin ya juya injin. Ana kuma sarrafa wani kaso don girki, ko a rage saran itace a ƙasar da itacen ya yi ƙaranci. Ƙura baƙa ce a nan, tana kwanciya a kan ganye da kan riga.

Gine-ginen wurin iri biyu ne, kuma ido ba ya ɓata wajen bambance su. Akwai unguwar ma'aikata da kamfani ya gina: layi a miƙe, gidaje na bulo da siminti, tsari ɗaya, girman gida gwargwadon muƙamin mai shi. Akwai kuma garin da ya tsiro a gefe, na ƙasa da rumfuna da tantunan tabarma na Abzinawa, da lambunan da ke bin bakin korama, inda ake noman albasa da tumatir da ruwan rijiya. Rijiyoyin da makiyayan sun riga kamfani zuwa, amma aikin gawayi ne ya tara jama'ar da ta mai da wurin gari.

A inuwar wata bishiyar dalbejiya wani tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya ya shimfiɗa mini tabarma ya ɗora shayi. Kafin kofi na biyu ya aiki jikansa ya ɗauko wata jakar leda. A ciki akwai katin aikinsa na farko, hoton ya koɗe, da takardar yabo da aka ba shi, da wasu hotuna baƙi da fari: samari da hular kwano tsaye gaban ƙarafan ginin da ba a rufa ba tukuna. Ya riƙa ɗora yatsa a kan fuskoki, wannan daga Dogonduci, wannan Bazabarme ne, wannan ɗan Timiya, yana bin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya da addu'a.

"Alhaji, gidan da ka zauna fa, yana nan?"

"Yana nan, Malam. Ranar da na ajiye aiki na miƙa makulli, wani ya shiga. Amma bishiyar da ke ƙofar ni na dasa, da ruwan alwala na raine ta. In na bi ta layin nakan tsaya in dube ta."

A Agadas in ka ce wa ya gina, zuriya za a jero maka. A unguwar ma'aikata sunan kamfani za a faɗa maka. Gidan na aiki ne, ba na mutum ba, shi ya sa mazauninsa ba ya hawa ya toshe tsaga, sai dai ya kai ƙorafi ofis. Sai ƙaunar wurin ta koma kan abin da mutum ya yi da hannunsa: bishiya, rumfar da ya kafa, ɗan gidan ƙasar da ya gina a bayan gari don tsufansa, da jakar hotuna. Tarihin Anu Araren yana nan da ransa, amma a cikin jakunkunan leda yake, a ƙarƙashin gadajen tsofaffi.

Wannan ƙasa ta taɓa ganin garin ma'adinai tun kafin Arlit. Yamma da hanyar nan, wajen Tegidda mai gishiri, akwai wurin da ake kira Azelik, wanda masana suka tsayar a kan shi ne Takadda. Ibn Battuta ya sauka a can a 1353, ya ga ana narka tagulla ana yin sanduna da ake ciniki da su a madadin kuɗi, ana kai su har Barno da wata ƙasa da masana ke fassarawa da Gobir. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya karantar a Takadda kafin ya iso Kanon Muhammadu Rumfa. Daga baya garin ya mutu, al'adar baka tana cewa yaƙi da Agadas ne ya ƙarasa shi, waɗanda suka tsira suka koma Ingal da Tegidda. Yau sai harsashin gine-gine da kaburbura da kashin maƙera. A wannan Azelik ɗin ne Faransawa masu neman tagulla suka fara gano yuraniyom a Nijar a 1957. Kamfanin SOMINA, da jarin 'yan China, ya buɗe mahaƙa a wurin shekaru da dama bayan haka, ta yi 'yan shekaru ta tsaya.

Gabas kuma, cikin duwatsu, ga Asode, tsohon babban birnin Abzin. Ba ma'adini ne ya raya shi ba, ayari ne. Da ayari ya ja baya gari ya riƙa raguwa, yaƙin Kawsan ya kwashe sauran. Bangayen duwatsu na ɗaruruwan gidaje da na babban masallaci suna tsaye har yanzu, babu mai kwana ciki. Dutse ya fi ƙasa ƙarfi nesa ba kusa ba, amma Asode ta dutse ce kufai, Agadas ta ƙasa ce ke raye.

A kan hanyar Arlit akwai Dabus, inda aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da wurin yake da ruwa da ciyawa. Babban ya haura mita 5, an fitar da kowane zane na fatarsa. Mutanen yankin ne suke gadin wurin, su suke raka baƙo, su suke hana a taka. Daga nan sai fili ya ƙara bushewa, itace ya ƙare, har ka hango wasu tuddai masu shafaffen kai a gaba. Ba duwatsun Allah ba ne, ƙasar da aka tono daga ramukan yuraniyom ce. Arlit ke nan.

An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, garin ya tashi a 1969, yuraniyom na farko ya fita a 1971. COMINAK, mai jarin Faransa da Nijar da Japan da Sifaniya, an kafa shi a 1974, ya fara fitarwa a 1978 daga mahaƙar Akuta, zurfin mita 250 a ƙarƙashin ƙasa, ya kuma gina wa ma'aikatansa garin Akokan 'yan kilomitoci daga Arlit. Tsarin garuruwan biyu a bayyane yake har yau. Ga unguwar manyan ma'aikata mai faffaɗan gidaje da itatuwa da kulob da wurin iyo, ga layukan leburori, ga asibitin kamfani da kantinsa da makarantunsa. A waje kuma ga Bukoki, inda waɗanda suka zo neman aiki ko ciniki, da makiyayan da farin 1973 da na 1984 ya raba da dabbobinsu, suka kafa matsuguni da ƙasa da kwali da gangunan da aka fasa aka miƙe. A shekarun 1970, da kuɗin yuraniyom ke gudu, ƙaramar Paris ake ce wa Arlit. Farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga rage ma'aikata.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, bayan ya fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da na 'yan kwangila. Na bi wani layi a Akokan da hantsi. Gida na farko da labule a ƙofa da yara suna wasa. Na biyu a kulle, rairayi ya taru a bakin ƙofa har ya rufe dokin ƙofar. A bangonsa akwai rami mai kusurwa huɗu inda na'urar sanyaya ɗaki take a da, an cusa kwali an toshe. Fentin ya ɓare, lambar gidan tana nan. A jikin ƙofar, daga ƙasa zuwa sama, akwai gajerun layuka da aka ja da ƙusa, irin waɗanda uba ke yi yana auna tsawon ɗansa shekara bayan shekara. Gini bai kai shekara 50 ba, ga shi ya fara zama kango.

A nan maganar adana tsohon abu tana da wani nauyi da babu shi a Agadas. COMINAK ya bar kimanin tan miliyan 20 na sharar dutsen da aka tace, mai fitar da tururi mai cutarwa da ido ba ya gani, kuma aikin rufe ta da laka da duwatsu na shekaru ne. A 2003 masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen, sun sami gurɓatattun ƙarafa ana sayarwa a kasuwar Arlit, irin waɗanda mutane ke saye su yi rufi da kayan gida. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wasu titunan Akokan ta sami tururin ya wuce kima nesa. Saboda haka ba kowane bango ne ya cancanci a bar shi tsaye ba. Kafin a ce a adana, sai na'urar awo ta riga kowa shiga.

Wannan bai rage wa 'yan Arlit son garinsu ba. An haifi zuriya guda a layukan nan, 'ya'yan Hausawa da Abzinawa da Zabarmawa da Barebari da Fulani, suka yi makaranta ɗaya, suka yi ihu tare a filin ƙwallo don ƙungiyar Akokana ko ta Urana. Ko sun watsu a Yamai da Maraɗi da Tamanrasat, in aka tambaye su garinsu Arlit suke cewa. Su suke iya nuna maka ajin farko, da inda motar ma'aikata ke tsayawa da asuba, da kantin da iyayensu mata ke layi ƙarshen wata. Wasu sun fara ajiye labarin. Idrissou Mora-Kpai ɗan Benin ya yi fim a kan garin a 2005. Amina Weira, wadda ta tashi a Arlit, ta koma da kyamara ta zauna da mahaifinta, tsohon ma'aikacin mahaƙa, da abokansa, fim ɗinta ya fito a 2016.

Abin da na gani tsakanin Agadas da Arlit ya tabbatar mini cewa ba ƙarfin kayan gini ne ke raya gari ba. Gari yana rayuwa ne idan mazaunansa suna ganin bangon nasu ne, kuma sun san labarin wanda ya aza shi. Agadas tana da duka biyun. Anu Araren da Arlit da Akokan suna da mutane masu ƙaunarsu, amma gidajen an gina musu ne, takardun tarihin kuma suna hannun kamfanoni. Gawayi zai ƙare wata rana, yuraniyom ma haka, zinaren Jado da Cibarakaten da ya kawo sabuwar hada-hada tun 2014 shi ma haka. Takadda ta nuna abin da ke biyo baya idan babu abin da ya ɗaure mutane da wuri sai abin da ake tonowa.

Abin yi ba ya buƙatar dukiya mai yawa. A zaɓi gidan lebura ɗaya a Akokan, da gida ɗaya a Bukoki, da aji ɗaya na makarantar farko, da gida ɗaya a layin farko na Anu Araren, a auna su, in sun tsira a bar su yadda suke, a tara hotuna da hulunan kwano da katunan aiki a ciki. Taswirori da hotunan ginin garuruwan nan, waɗanda ke ofisoshin kamfanoni, a ajiye kwafinsu inda ɗan gari zai iya zuwa ya duba, balle yanzu da gwamnatin Nijar ta karɓe SOMAIR a 2025. Gidajen da aikinsu ya ƙare a mallaka wa masu zama ciki da takarda, domin mai gida ne kaɗai ke hawa rufi kafin damina. A kuma kawo maginan Agadas su koya wa samarin Arlit ginin ƙasa mai kauri, wanda ke riƙe sanyi da rana ko babu wutar lantarki. Mu ma a Kano, da muke kallon ganuwa tana zaizayewa ana yanka filaye a jikinta, wannan magana ta shafe mu.

Mafi gaggawa shi ne mutanen. Saurayin da aka ɗauka aiki a Arlit a 1971 yana ɗan shekara 20 ya haura 70 yanzu, na Anu Araren na bin bayansa, da yawa kuma ƙirji ya riga ya kai su ƙasa. Jami'ar Agadas, da aka kafa a 2014, tana da ɗalibai, kowannensu da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Su shiga Cirozerin da Akokan da Bukoki, su durƙusa su gaida tsofaffin nan, maza da matan da suka yi musu girki suka haifi garin, su tambaye su wa ya zo farko, ina aka fara aza bulo, wa aka binne a ina. Su rubuta da Hausa da Tamashek, yadda jikokin masu labarin za su iya karantawa. Bango yakan jira mai gyara shekara goma, tsoho ba ya jira, don haka a fara da su tun bana.